Yadda Na Yafa wa Matan Zongo Ƙwayar Cuta

Ba zan taɓa mantawa da walimar bikin Nafisa ba, kuma ko ni na so in manta, matan Zongo sun ɗauki alkawarin tuna min har in koma ga Mahaliccina. Har yau in na fito da sabon mayafi, sai an samu wadda za ta leƙo ta taga ta ce, "Hajiya, wannan kuma wace cuta ce?" In ce mata ta gidansu ce, in yi gaba abina.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Mayafai da ɗankwali nake sayarwa a kasuwa tun ina budurwa. Ina da ido, wannan ko wadda ba ta ƙaunata ta sani. Mace ta shigo rumfata, kafin ta ƙarasa sallama na san launin da zai karɓe ta da wanda zai mai da ita kamar ta tashi daga jinya. Ina kuma da baki (maigidana ya ce tun da ya aure ni bai ƙara sayen batirin rediyo ba). Ido da baki su ne jarina, kuma su biyun ne suka haɗa kai suka kai ni ƙasa.

Nafisa ɗiyar marigayiya yayata ce, Allah Ya jiƙan yayar tawa da rahama. A hannuna yarinyar ta tashi tun tana rarrafe, Inna take ce min. Da aka sa ranar aurenta da Karim, yaro mai hankali da ke aiki a labo, wato inda ake gwajin jini a asibiti, na yi wa kaina rantsuwa ba wanda zai dubi bikin nan ya ce, "Ai ka san na marainiya ne." Dangin angon a Avotrou suke, can ƙetaren gada, mutanen boko masu tabarau da magana ƙasa-ƙasa. Uwarsa, Hajiya Zalika, in ta dube ka sai ka fara tunanin ko ka bar wani abu a kan wuta. Tun ranar da suka zo gaisuwa na lura tana auna mu, daga labule har kofin da aka ba ta ruwa. Na ce a raina, to Hajiya, ki auna da kyau.

Matsalar ita ce anko. A Kwatano ba a ɓoye atamfa. Ka zaɓa yau, gobe ka gan ta a jikin mai tallan burodi. A bikin ɗiyar Hajiya Balki, maƙwabciyata a kasuwa, muna zaune cikin rumfa a bakin titi sai ga masu rakiyar gawa sun ɓullo da masu bushe-bushensu, su ma cikin atamfarmu sak. Aka rasa gane ’yan biki da ’yan makoki. Wata tsohuwarmu da ba ta gani sosai ta tashi ta bi su har kwana, sai da aka je aka kamo ta. Ni na fi kowa dariya ranar, har sai da aka ba ni ruwa. Balki dai ta ajiye abin a ranta.

Don haka na yanke shawara: kowace mace ta ɗinka farin leshi, mayafi kuma ni zan kawo, kuma zanen da ke jikinsa babu shi a kowace kasuwa daga nan har Legas. Na faɗa da ƙarfi a gaban mutane. Sai da na koma gida na tuna ban san inda zan samo shi ba.

Ana cikin haka na je karɓo ludayina wurin Nuru. Nuru shi ne autanmu, mutum mai sanyin magana, wanda kafin ya haɗa jimla ɗaya na gama labari uku. Ya yi lekol, wato makaranta, ta zane-zane, ya kama wani ɗaki a Akpakpa bayan masu walda yana kiransa ateliye. Aikinsa ba irin zanen buroshi da kuka sani ba ne. Wata roba yake samu mai kauri irin ta shimfiɗar ɗaki, ya zana abu a kai, ya bi da ’yan ƙananan wuƙaƙe masu lanƙwasasshen baki yana ƙwaƙule duk inda ba ya so tawada ta taɓa. In ya gama sai ya mulke robar da tawada, ya shimfiɗa takarda a kai, ya yi ta gogawa da bayan ludayi har zanen ya tashi ya koma jikin takardar. Kowane launi da robarsa, sai wannan ya bushe a buga na gaba. (Ludayin miyata ne na ƙarfe, wai duk garin nan babu mai santsin bayansa.) Ni dai a lokacin abin da na sani shi ne, ƙanina, namiji har da gemu, yana zaune yini guda yana feren roba.

Ina shiga na tarar ya shanya takardu a igiya kamar wanki. Na ɗaga kai. Jama’a, wani fure na gani! Zagayayye, ja mai duhu. A tsakiyarsa wani abu mai kusurwa-kusurwa kamar dutsen zobe, an kewaye shi da ruwan zinare, sa’an nan bakinsa duka an jera wasu ’yan tsinkaye masu kawuna irin fil ɗin ɗankwali. Tun da nake taɓa yadi ban taɓa ganin irinsa ba.

Na ce, "Nuru, wannan furen fa?"

Ya ce, "Ba fure ba ne, Yaya. Cikin jerin da nake shiryawa ne na baje koli, kowanne da kika gani a igiyar nan…"

"Kai dai ka cika dogon bayani. Kana so ne ko in ɗauka?"

"Wannan gwaji ne, jan bai zauna daidai ba, ɗauka za ki iya. Amma Yaya, tsaya in gaya miki abin da…"

Wayata ta yi ƙara, mai abincin biki ce. Na naɗe takardar na cusa a jaka, na daki kafaɗarsa na ce Allah Ya yi masa albarka, na fita ina rigima da mai abinci a kan kaji. Ina hawa zem, wato babur ɗin haya, na ji ya biyo ni bakin ƙofa yana ɗaga murya, abin da bai saba ba. Ƙarar masu walda ta cinye maganar. Na ɗaga masa hannu, na zaci ludayin da na manta yake tuna min. Bayan haka ya tafi Lome wurin wani taron masu zane, sai ranar biki zai dawo.

Kai tsaye na wuce Gbégamey wurin wani mai buga zane a riguna, wanda ke yi wa ’yan ƙwallo da masu makoki aiki. Ya shimfiɗa takardar, ya karkata kai, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Madam, na wata ƙungiya ce?"

Na ce, "Ƙungiyar me? Biki ne."

Ya ce, "Biki." Ya sake kallo, ya ɗaga kafaɗa, ya ce to.

Ni na tsara masa komai. Yadi mai laushi ruwan madara, a watsa furen ko’ina, a sa ƙato guda a inda zai sauka a gadon baya, sa’an nan a jera ƙanana a bakin mayafin, yadda in mace ta yafa za su zagaye mata fuska, su sauka daidai gefen baki. Ni da kaina na ce daidai gefen baki. Na kuma sa ya buga a mafitai da za a raba wa baƙi, don kada wani ya koma gida hannu wofi.

Sirri kuwa, ko maigidana ban nuna wa ba. Balki ta yi ta zagaye-zagaye tana cewa, "Hajiya, ba za a ɗan leƙa mana ba?" In ce mata, "Ki bari sai ranar, kada masu gawa su ji labari." Ita kanta amarya sai da safen walima ta gani. Ta shafa, ta ce, "Inna, ya yi kyau," idonta ya kawo ruwa. Kuma da yake a garin nan yadin da ba shi da suna maraya ne, na raɗa masa suna tun a ɗaki: Furen Nafisa.

Bayan azahar muka shiga zauren da aka kama. Wayyo, ina ma kun gani! Mata reras cikin farin leshi, kowace da jan fure a ka, a kafaɗa, a baya. Guɗa ta tashi. Asibi, zabiyar da ba a biki a Zongo ba da ita ba, ta karɓi makirufo ta fara kirari: "Ga mai ido! Ga wadda Dubai ke tambayarta launi!" Na hango Balki tana murza bakin nata mayafin da yatsa tana neman aibi, ba ta samu ba. Wallahi a lokacin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ɗauko mayafin da na ware a cikin kwali na musamman, na je har gaban Hajiya Zalika na durƙusa na yafa mata da hannuna. Ta duba, ta ce, "An gode." Daga bakinta wannan kamar guɗa ce.

Akwai wani dogon tebur da aka ware wa abokan aikin ango, mutanen labo. Tun shigowarmu na lura sun kasa zama lafiya. Wannan ya taɓo wancan, wancan ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wani ya ƙware da zoɓo har ana bubbuga masa baya. Can suka ciro wayoyi suka hau ɗaukar hoto. Na ce a raina, ai dole, ’yan boko sun san abu mai kyau. Sai na taka har gabansu, na juya musu baya don su samu ƙaton sosai, na ɗan buɗe hannuwa. Na ma tambaye su ko haske ya isa.

Shi kuwa ango, yana shigowa ya yi turus a bakin ƙofa. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi uwarsa, gumi ya karyo masa. Na ce, Allah sarki, yaron nan abin ya taɓa zuciyarsa. Yana zama kusa da Nafisa ya yi ta yafito ni da hannu. Na yi masa alamar ya bari, godiya ba ta da sauri.

Da aka ci aka sha, na karɓi makirufo. Na yi wa kowa barka da zuwa, na yi addu’a ga marigayiya, sa’an nan na ɗaga bakin mayafina sama na ce, "Wannan da kuke gani, babu shi a Dubai, babu shi a Legas. Daga cikin gidanmu ya fito. Sunansa Furen Nafisa, don nata ne ita kaɗai, ita ce kuma ta kawo wa gidan mijinta!" Aka ɗauki tafi. Teburin labo ne kawai ba su tafa ba, wani a cikinsu ya kifa kansa a kan tebur.

Sai wata dattijuwa ta miƙe daga teburin, gajeriya mai furfura da fara’a. Ashe ita ce babbar likitar da ke shugabantar su Karim. ’Yar kudu ce, ba ta jin Hausa ko ta sallama. Ta nemi makirufo, na miƙa mata da hannu biyu. Ta kama hannuna ta tsayar da ni kusa da ita, ta fara magana da Faransanci, muryarta har rawa take don jin daɗi.

To ni Faransancina na kasuwa ne: farashi, ragi, da zagi. Abin da na tsinta a maganarta shi ne "bravo" da "madam" da "famiy". Duk inda na ji bravo sai in gyaɗa kai in ce, "Mersi, mersi." Can ta kama kafaɗuna ta juya ni na ba jama’a baya, ta ciro biro daga jakarta, ta fara nuna sassan ƙaton furen ɗaya bayan ɗaya. Ina jin bakin biron yana yawo a bayana: tsakiya, zagaye, ’yan tsinkayen. Na tsaya ƙyam na ƙara miƙe baya don kada in ɓata mata bayani.

Abin da na fara ji shi ne shiru. Daga nan sai wata ’yar dariya daga wajen ’yan mata ’yan lekol, irin wadda ake toshewa da hannu. Tsofaffi suka fara cewa, "Me take faɗa ne? A fassara mana mana!" Aka tura Asibi, don ita ta taɓa aiki a gidan Turawa. Asibi ta saurara, ta buɗe baki da muryar kirari, don ba ta da wata.

"Likita ta ce tana jinjina wa wannan gida! Ta ce tun da take aiki take roƙon mutane su daina jin kunyar wannan abu, ba ta taɓa ganin dangi masu ƙarfin zuciya irin waɗannan ba!"

Aka yi guɗa. Na ce, "Mersi."

"Ta ce wanda ya zana shi ya san aikinsa, haka yake sak in an duba shi a babban madubin likita! Ta ce ga cikinsa, ga rigarsa, ga ƙayoyin da yake kama mutum da su!"

Guɗar ta ragu.

"Ta ce…" Asibi ta tsaya, ta sake tambayar likita. Muryar kirarin ta zube. "Ta ce ba fure ba ne. Ƙwayar cuta ce. Sunanta erpes. Ita ce ke feso wa mutum ƙuraje a gefen baki in ya yi zazzaɓi."

Wata tsohuwa ta ce, "To ai da sauƙi."

Asibi ta ce, "Ta ce tana da ƙanwa, kamarsu ɗaya. Ita kuma tana fitowa ne a…" Ta dubi rufin zaure, ta dubi surukai. "A inda ba a faɗa."

Ban taɓa sanin mata za su iya cire mayafi da sauri haka ba. Fuu! Kamar iska ta shigo. Wata ta jefar da nata, ya sauka a cikin farantin shinkafar wata. Tsohuwar nan ta "da sauƙi" ta sa bakin sandarta ta ture nata can nesa tana a’uziyya. Wata ta hau susa tana tambaya ko ana ɗauka ta jikin yadi. Masu mafitai suka tsaya da fifita cak, kowa na kallon abin da ya yini yana kaɗa wa fuskarsa. Ita kuwa likita, baiwar Allah, tana ta murmushi tana jiran tafi. Ni ko har lokacin bayana na wajen jama’a, na rasa ta inda ake juyowa.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da na ce kunya ce kawai, a sha a wuce. Amma ina juyowa kunnena ya tsinto wata magana daga layin su Balki, a hankali, irin a hankalin da ake so kowa ya ji.

"Shi ya sa aka ce nata ne ita kaɗai."

Wata ta amsa, "Ashe. Kuma an ce a labo suka haɗu."

Na dubi Nafisa. Kanta na ƙasa, hawaye na ɗiga a kan lallenta. Na dubi Hajiya Zalika. Ta ninke mayafin ta ɗora a gwiwa, fuskarta ba ta ce komai ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Na san Zongo, a cikinta aka haife ni, ni kaina na sha kai irin wannan labari daga rumfa zuwa rumfa. Kafin magariba zai ƙetare gada, kafin Juma’a ya zama gaskiya, yarinyar nan kuma ta shiga gidan miji da shi a goshi har tsufanta. Rantsuwa ba ta kashe irin wannan magana, kuka ma ƙara mata gishiri yake. Abu ɗaya na sani: bakin unguwa ba ya sakin nama sai ya ga wanda ya fi shi maiƙo.

Daidai nan Allah Ya jefo Nuru. Ya shigo da jakar tafiyarsa a kafaɗa, ya tsaya, ya ga aikinsa a ƙasa, a kan kujeru, a cikin shinkafa. Bakinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa.

Na fizge makirufo daga hannun Asibi na ce, "Nuru! Zo nan, ɗan albarka, zo ka tona min asiri!" Na jawo shi tsakiyar fili da jakarsa. "Gaya wa jama’a, wa ya zana wannan abu?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya."

"Don me?"

"Jeri ne nake yi na ƙwayoyin cuta. Akwai ta ƙyanda, akwai ta shan inna, akwai ta hanta. Don mutane su kalle su ido da ido, su daina jin kunyar zuwa asibiti."

"To ga shi an kalla. Da na ce maka fure, me ka ce min?"

"Na ce ba fure ba ne."

"Da ƙarfi, na baya ba su ji ba!"

"Na ce ba fure ba ne!"

"Ni kuma na ce me?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin ce na cika dogon bayani."

Wani daga teburin labo ya fashe. Na ce alhamdu lillahi, an fara. Ban bari ta huce ba. Na kwaikwayi yadda na cusa takardar a jaka ina faɗa a kan kaji. Na kwaikwayi Nuru yana ihu a bakin ƙofa ni kuma ina ɗaga masa hannu daga kan zem kamar matar gwamna. Na kwaikwayi mai bugawa yana karkata kai. Na ce, "Mutumin nan ya tambaye ni ko na ƙungiya ce, na kusa zaginsa! Ni na ce a jera muku a gefen baki, ni! Yarinyar nan sai yau da safe ta gani, shi ma don ta ga Innarta na rawar kai ne ta ce ya yi kyau. Masu cewa a labo suka haɗu, gaskiyarku, a labo ne. Jinina aka je aunawa, sukari ke damuna, tana riƙe min jaka yaron nan yana tsira min allura yana kallonta, har sai da ya huda ni a inda babu jijiya!"

Yanzu kam zauren ya ɗauka. Karim ya rufe fuska da hula. Na ce, "Kuma ku da kuke jefar da mayafi, wace ce a nan ba ta taɓa tashi da ƙurji a leɓe bayan zazzaɓi ba? Balki, ke fa? Ran sallar da kika yini da hannu a baki kina cewa miya ce ta ƙona ki?" Balki ta so ta ɓata rai, dariya ta ci ƙarfinta. Aka fassara wa likita abin da ake ciki. Baiwar Allah ta dafe ƙirji, ta yi ta ba ni haƙuri, sa’an nan ta roƙi a gaya wa mutane cewa yawancinmu muna ɗauke da ta leɓen tun muna yara, kuma ba a ɗaukar komai daga yadi. Tsohuwar ta jawo nata da sanda, amma ba ta yafa ba.

Na gyara mayafina, na juya musu ƙaton, na ce wa makaɗa su buga. Asibi, da ta samu abin da ya fi kirari daɗi, nan take ta ƙaga waƙa a kaina, wai mai idon da ta ga cuta ta ce a ba ta yadi goma. Na taka, na karkaɗa kafaɗa, na bi tebur-tebur ina nuna musu cikinsa da rigarsa da ƙayoyinsa. A raina kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, don sunan da na yi shekaru ina ginawa a kasuwa ne nake tattakawa da ƙafata. Amma ina satar kallon layin su Balki, na ga babu mai kallon amarya kuma. Duk ni suke nunawa suna share hawaye.

(A tsakiyar rawar Nuru ya matso kunnena, fuskarsa kamar zai yi kuka, ya ce, "Yaya, ni fa kaɗan nake bugawa, in sa wa kowanne lamba da hannuna. Ke kin buga wa unguwa guda. Kuma gwajin ne, jan bai zauna ba." Ka ji abin da ya dame shi.)

Sai Hajiya Zalika ta miƙe. Kiɗa ya tsaya da kansa. Ta taka a hankali har inda Nafisa take, ta sa bakin gyalenta ta share mata fuska, ta riƙe hannunta. Sa’an nan ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ina haki, gumi ya wanke min kwalliya.

Ta ce, "Hajiya, zauna haka nan, kin gaji. Yarinyar da ta tashi a hannunki ba ta haukace ba, ai mai haƙuri muka samu. Mun karɓa hannu biyu."

Ban san ko yabo ba ne ko zagi, amma ban taɓa jin maganar da ta yi min daɗi kamarta ba. Na zauna a kujerar da ta fi kusa.

Da za a tafi da amarya, ta rungume ni tana kukan da amare ke yi, sai kuma in ji kafaɗarta na girgiza da dariya, sai kukan ya dawo. Ta ce a kunnena, "Inna, ko Mama na raye ba za ta yi min abin da kika yi min yau ba."

Na ce, "Wanne, na farkon ko na biyun?"

Ta ce, "Duka biyun."

Labari ya ƙetare gada kamar yadda na sani, amma da sunana ya ƙetare. Ba a taɓa haɗa shi da Nafisa ba, ko sau ɗaya. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kirana zaɓen anko, ko na suna, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da na koya dai shi ne, in ka ga abu mai kyau wanda duk ’yan kasuwar Kwatano, da wayonsu da son kuɗinsu, ba wanda ya taɓa bugawa a yadi, to kada ka ce ka fi su ido. Ka tsaya ka tambayi sunansa tukuna.